Yadda Na Tattara Tarihin Baba, Tsohon Soja, Bayan Rasuwarsa

Baba ya rasu ranar wata Talata da la'asar, cikin sanyin watan Janairu, a gidansa da ke unguwar Sabon Gari a nan Maraɗi, aka kuma tsayar da jana'iza washegari da hantsi, domin a garinmu ko Kirista ba ya son gawa ta daɗe ba a rufe ta ba. Da dare, bayan masu gaisuwa sun ragu, fasto ya ja ni gefe ya ce za a karanta taƙaitaccen tarihin mamaci a majami'a kafin a wuce maƙabarta, kuma tunda ni ne malamin makaranta a cikin 'ya'yansa, aikin nawa ne. Na zauna a zaure da fitilar waya na cika shafi biyu. Na rubuta cewa mutum ne mai tsoron Allah, mai haƙuri, mai son iyalinsa, wanda ya bauta wa ƙasarsa da aminci, na rufe da ayar 2 Timoti 4:7 da ake karanta wa kusan duk Kiristan da ya taɓa sa kaki. Jama'a suka amsa da amin. A kwana na uku muna zaman makoki, sai Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda Musulma ce kuma ta zauna a bencin baya ta saurari komai, ta dube ni ta ce: "Ɗana, takardar nan da ka karanta ka adana ta da kyau. In na mutu sai ka cire zancen kaki ka karanta mini, ba wanda zai gane ba tawa ba ce." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ba ta bar ni na yi barci ba, domin gaskiya ta faɗa.

Da yake iyali sun shirya sujadar godiya idan ya cika shekara, na ɗauki alkawari a raina cewa kafin ranar zan nemo mutumin da na kasa nunawa a shafi biyun nan. Na fara da akwatin ƙarfe kore da ke ƙarƙashin gadonsa, wanda tun muna yara aka hana mu taɓawa. Inna ce ta kwance mabuɗin daga bakin zaninta ta miƙo mini ba tare da ta ce komai ba. A ciki na tarar da kaki biyu a ninke suna warin kafur, da hularsa, da buroshin takalmi wanda gashinsa ya cinye ta gefe ɗaya, da takardun fansho a cikin leda, da littafinsa na soja, da kuma Littafi Mai Tsarki na tsohuwar fassarar Hausa, wadda aka fara bugawa a 1932, wanda bangonsa ya rabu har aka ɗinke shi da zaren buhu.

Littafin sojan ne ya fara ba ni kunya. A jana'iza na shaida wa jama'a cewa Baba yana cikin sojojin Nijar da aka tura Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, domin haka muka taso muna faɗa, muna kafa hujja da hotonsa na falo inda yake tsaye cikin rairayi. Littafin ya nuna ya shiga soja a 1969, ya yi ritaya da muƙamin sarjan a 1989, wato yana gida yana noman gero a gonarsa ta hanyar Tsibiri lokacin da aka yi wancan yaƙin. Hoton kuwa a Dirku, can cikin hamadar arewacin Nijar, aka ɗauke shi, an ma rubuta haka a bayansa, sai dai ba wanda ya taɓa cire shi daga gilashi ya duba. Na tsaya a gaban tsofaffin sojoji na faɗi abin da bai faru ba, su kuma saboda kara ba wanda ya gyara mini. Shekarar haihuwarsa ma ba ta tsaya ba. Takarda ta ce wajen 1949, kamar yadda ake rubuta wa mutanen ƙauye da ba a yi musu takardar haihuwa ba, Gwaggo kuma ta dage cewa mahaifiyarsu na goye da shi lokacin da ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin Maraɗi a 1945 har aka tashi aka koma kan tudu. Na rubuta duka biyun, na faɗi wanda ya ce kowanne, kuma tun daga nan na riƙe wannan ƙa'ida, cewa duk abin da zan sa a takarda sai na san bakin da ya fito.

Yadda ya zama Kirista a gidan da kusan kowa Musulmi ne, nan ma Gwaggo ce ta warware mini, bayan na yi sawu uku zuwa ƙauyensu. 'Yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM), waɗanda suka fara sauka a Damagaram a 1924 kafin su kafa tasha a Tsibiri, sun buɗe asibitin masu cutar kuturta a Danja, kudu da Maraɗi, a shekarun 1950. Can aka kai kakanmu jinya, Baba kuma yana yaro aka haɗa shi da shi don ya riƙa ɗebo masa ruwa da itace. A can ya koyi karatun Hausa da boko, a can ya ji bishara. Gwaggo ta ba ni labarin ne da sharaɗin kada in ambaci sunan ciwon a gaban jama'a, domin tana da jikoki mata da ba su yi aure ba, kuma ta san bakin mutane. A ganina babu abin kunya a ciwon da yau ake warkar da shi da ƙwayoyi, amma mahaifinta ne kafin ya zama kakana, don haka a majami'a na ce ya raka mahaifinsa jinya Danja, wanda ya gane ya gane. Yanzu da nake rubuta wannan, ita da kanta ta ce in faɗa, jikokin duk suna ɗakunansu.

Abin da ya fi girgiza ni yana shafin ƙarshe na Littafi Mai Tsarkin. Baba ya jera sunayenmu da rubutunsa mai tsayuwa kamar sojoji a fareti, kowane suna da ranar haihuwa da garin da yake aiki a lokacin: Yamai, Agadas, Tawa, Dirku. Mu shida muka san kanmu, amma sunaye bakwai na ƙirga. A saman sunan Yaya, wanda duk duniya ta sani a matsayin ɗan fari, akwai sunan mace, an haife ta a 1972, a gabansa kuma ƙaramin gicciye da shekarar 1974. Na yi mako biyu ina juya yadda zan tambayi Inna. Ranar da na samu ita kaɗai tana tsince wake a tsakar gida, na zauna a kan turmi na ce: "Inna, na ga wani suna a littafin Baba da ban sani ba." Ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta har na ɗauka ba za ta amsa ba, sannan ta ce ƙyanda ce ta ɗauke ta da bazara, a shekarar yunwa, suna zaune a Tsibiri wurin dangi, Babanmu kuma yana arewa. Wasiƙa ta yi makonni kafin ta same shi, da ya zo kuma har kabarin ya baje. Na tambaye ta dalilin da ya sa ba a taɓa gaya mana ba, ta ce: "Ko tana da rai ban taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce. Da ta tafi kuma wa zai kira?" Sai a lokacin na fahimci cewa kunyar ɗan fari ta haɗu da shirun soja sun binne yarinyar sau biyu.

A wannan zaman ne kuma Inna ta gyara mini kalmar da na fi alfahari da ita a jana'iza. Na ce Baba ya riƙe gidansa da kyau, ita kuwa ta tuna mini cewa a cikin shekara ashirin ɗin da ya yi a kaki, waɗanda suka zauna ɗaki ɗaya ba su kai rabi ba. Kuɗin cefane yakan aiko ta hannun direbobi, jika kaɗan a ƙulle cikin wasiƙa, wani watan su iso, wani watan su makara, ita kuma ta cike giɓin da sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, har da lokacin yunwar 1984 da mutanen nan suke kira El Buhari, sa'ad da Najeriya ta rufe iyaka kasuwar Maraɗi ta mutu. Ba ta faɗi haka don ta rage masa daraja ba, ta ce bai taɓa cin albashinsa shi kaɗai ba, bai kuma taɓa ajiye wata mace a garuruwan da ya zauna ba. Amma na koyi cewa ba a rubuta tarihin magidancin soja a bar matarsa a layin "ya rasu ya bar mata ɗaya".

Zancen aikin soja kuwa a bakin wani Alhaji na same shi, abokinsa tun suna kurata, wanda yanzu yake zaune a unguwar Zariya, idanunsa sun yi rauni. Da na fara tambayarsa wane irin mutum ne Baba, sai ya ce mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, ya yi shiru. Da na canza na ce, "Baba Alhaji, a ina kuke ranar da aka kifar da Diori?" sai bakinsa ya buɗe har magariba. Wannan ita ce dabara mafi amfani da na koya a shekarar nan: tambayar hali yabo kawai take jawowa, tambayar rana da wuri da abin da aka ci ita ke fito da mutum. Ya ce juyin mulkin da Seyni Kunce ya yi wa Shugaba Diori ranar 15 ga Afrilu 1974 ya faɗo ne a daren Lahadin Ista, suna Agadas, Baba ya dawo daga sujada ke nan da 'yan tsirarun Kiristocin da ke barikin, washegari suka ji a rediyo. Rundunar tasu ma a lokacin ƙarama ce, tunda a 1961 aka kafa ta, manyansu kuma tsofaffin sojojin Faransa ne da suka yi Indocin da Aljeriya. Bayan juyin mulkin aka sa su rakiyar motocin tsabar agaji, jar dawar nan da mutane suke ci don dole, kuma Baba ne ke riƙe da littafin ƙirgen buhuna. Alhaji ya ce ba su taɓa isa wani zango buhu ɗaya ya yi ƙafa ba, har abokan aiki suna yi masa tsiya suna kiransa Fasto. Na lissafa watannin a zuciyata, na ga a daidai lokacin da yake ƙirga buhunan nan ne 'yarsa take kwance a Tsibiri. Da na koma gida na buɗe littafinsa, na tarar ya ja layi biyu da jan biro a ƙarƙashin Luka 3:14, inda Yahaya Mai Baftisma ya gargaɗi sojoji kada su ƙwaci na kowa, su kuma gamsu da albashinsu. Alhaji ya ƙara da cewa shekara da shekaru suna musayar gadi, Baba ya tsaya masa ranar Sallah, shi kuma ya tsaya wa Baba ranar Kirsimeti, ba tare da sun taɓa zama sun yi muhawarar addini ba.

Akwai ɓangaren da ya fi wuya, wanda har yau ban tabbata na yi masa adalci ba. Baba mutum ne mai tsanani. Ƙarfe biyar na asuba yake buga ƙofofinmu don addu'ar safe, wanda ya yi gyangyaɗi a kan waƙa ya tsaya da ƙafa ɗaya har a gama, kuma bel ɗinsa na soja ba ado ba ne. Ƙanena, wanda ya fi kowa shan bel ɗin, ya ce idan zan sake kiran Baba mai haƙuri a gaban jama'a shi ba zai zo sujadar ba. Yaya kuma ya ce ba a tona asirin mamaci. Na rasa tudun dafawa, daga ƙarshe na rubuta cewa ya tafiyar da gidansa kamar bariki, cewa mun ji tsoronsa kafin mu san ƙaunarsa, kuma da tsufa ya zo masa jikoki suna hawa kafaɗarsa suna cire masa hula bai ce musu uffan ba. Na karanta wa kowannensu jimlar shi kaɗai kafin ranar. Ƙanena ya ce ta yi sauƙi, Yaya ya ce ta yi nauyi, amma duka biyun sun zo.

Ranar sujadar na karanta shafi shida cikin minti ashirin. Na fara da neman gafarar tsofaffin sojoji a kan zancen Saudiyya, suka yi murmushi. Da izinin Inna, wanda sai da daren ranar ta ba ni, na kira sunayen 'ya'yansa bakwai kamar yadda ya jera su, na fara da na yarinyar. Matan zumunta da suka yi shekara arba'in suna zama benci ɗaya da Inna suka juya suna dubanta, ita kuma ta kafa ido a kan hannuwanta. Gwaggo tana bencin baya kamar wancan karon, Alhaji kuma jikansa ya riƙo masa hannu ya zaunar da shi a bakin ƙofa, inda ya ce iska ta fi.

Muryoyin da na ɗauka a waya sun kai awa goma sha ɗaya, na kwafe su na raba wa 'yan'uwana. Shekarunsa na Dirku, daga 1980 zuwa 1983, har yanzu layi ɗaya ne a takardata, domin Alhaji bai je can tare da shi ba, Inna kuma wasiƙu uku kawai ta samu a tsawon lokacin. An kwatanta mini wani tsohon direban soja a Tawa da ya zauna da shi a can, kuma na riga na tambayi kuɗin mota don hutun makaranta mai zuwa.