Gonakin turare a saman Mambila

Daga Jalingo zuwa Serti babu abin faɗa. Amma da mota ta gama murɗe-murɗen hawan dutse bayan Mayo Selbe ta fito Maisamari, sai ga itatuwan turare (eucalyptus) layi-layi a bayan gidaje, har Nguroje da Gembu. Mu a Kano turare na inuwa ne da kare iska. A nan kuwa gona ce, mutum zai dasa rabin hekta ya ce asusun 'ya'yansa ne.

Dattijon da ya sauke ni, Allah ya saka masa, bai bar ni na taɓa aljihu ba, kuma da kansa ya zaga da ni gonarsa. Da farkon damina ake dashe, mita 3 tsakanin itace da itace, wato kusan 1,100 a hekta. Shekara biyun farko su ne wahalar: cire ciyawa, shinge saboda shanu, sai share kewayen gona kafin rani, domin gobara ɗaya ta isa ta cinye komai. Bayan shekara 4 ko 5 a rage masu rauni a sayar wa magina a matsayin sanduna. Katako mai kauri kuwa sai an haura shekara 10. In aka sare a ƙasa-ƙasa kututturen zai sake toho, a bar biyu ko uku. Ba a dasa shi kusa da rafi ko gonar masara, yana shanye ruwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ciniki. Kuɗin makaranta ko rashin lafiya ya taso, manomi ya kira dillali, a sayi itatuwan a tsaye, babu awo, da ido kawai. Na ji farashin na tuna abin da muke biya a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa, raina ya ɓaci. Gaskiya dillalin ma yana biyan mai inji, masu fito da katako bakin hanya da kuɗin mota, ga turare in an yanka shi ɗanye yana tsagewa yana lanƙwashewa. Duk da haka, manomin da ya auna kaurin itatuwansa ya tara masu saye biyu ko uku ya fi samu, musamman in gonar tana kusa da titi.

A gangarowa wani jami'i a shinge ya tsare motar katako da ke gabanmu, yana ta yi wa direba tsawa alhali takardunsa na hannu. Mun kwana Bali, washegari muka shiga Jalingo.