Godiya bayan kare kundin ƙanwarmu

Alhamdulillahi, an gama. Ƙanwarmu ta kare kundinta a Marwa, kan yadda sinadarai ke samuwa a bisa ƙurar da ke tsakanin taurari, gidanmu ya samu barci. Kun san yadda watannin nan suka kasance, ba sai na maimaita ba.

Godiya ta farko ga tsohon malaminta na kemistiri, wanda duk muke kira Baba. Daren da lissafin kwamfuta ya ƙi nuna samuwar metanol, wani sinadari dangin barasa, ta zauna tana kuka, shi ya bi lambobin da ita har kiran asuba. Ga yadda abin yake: ƙwayar ƙurar da ke tsakanin taurari faɗinta kusan kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita ne. Cikin gajimaren ƙura mai duhu na can tsakanin taurari sanyinta yakan sauka zuwa 10 a ma'aunin Kelvin, wato 263 ƙasa da sifili a ma'aunin da muka saba. Nan iskar CO, wato kabon monoksaid, ke daskarewa bisa ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙwayar, haidirojin ya sauka yana yawo har ya same ta. Ƙwayoyin haidirojin guda huɗu ake buƙata, ɗaya bayan ɗaya: biyu su ba da sinadarin fomaldehaid, biyu kuma su kai shi metanol, kamar yadda masana kimiyya Watanabe da Kouchi suka gwada a Japan a 2002. To, 20 aka shigar cikin kwamfutar maimakon 10. A wannan ɗumin haidirojin ba ya zama, tashi yake kafin ya haɗu da komai. Baba ya nuna mata layin da yatsa, ko murya bai ɗaga ba. Allah ya saka masa da Aljanna Firdausi, ya jiƙan iyayensa, ya raya masa zuriya.

Da alƙalai suka tambaye ta ina manyan sinadaran da suka fi metanol girma ke fitowa, gabanmu ya faɗi. Ta ce sai jaririn tauraro ya ɗumama ƙurar zuwa tsakanin 20 da 40 a ma'aunin Kelvin, guntayen sinadaran da haske ya farfasa su fara motsi suna haɗuwa. Ta kawo misalin glaikolaldehaid, wani sinadari dangin sukari, da aka gano a gajimaren taurari na Sagittarius B2 a 2000, da glaisin, ɗaya daga tubalan furotin, da kumbon Rosetta ya tarar a tauraro mai wutsiya 67P.

Inna, addu'arki ta ci. Kawu na Garwa da ya biya kuɗin buga kundi, da maƙwabcinmu mai janareta da ya ƙi karɓar kuɗin mai, Allah ya buɗa muku. 'Yan'uwan da ke cikin gari amma ko waya ba su yi ba, mun ga kujerunku. Allah ya haɗa kanmu, ya sa wannan ilimi ya amfani jama'a. Amin.