Dattijon direba tsakanin taswirar takarda da muryar waya

Mutumin da ya fara tuƙi a shekarun 1970 ko 1980 ya koyi doguwar tafiya ne bisa wani tsari da yanzu yake neman ɓacewa. Kafin ya tashi, yakan shimfiɗa taswira, ya bi hanyar da yatsa daga inda yake zuwa inda ya nufa, ya rubuta sunayen garuruwan da ke tsakani, sannan ya ƙiyasta inda zai sha mai da inda dare zai riske shi. A yau ana miƙa wa wannan mutumin waya a ce ya bi abin da murya ta faɗa, idan ya yi ɗari-ɗari kuma sai a ce tsufa ne ya hana shi fahimtar zamani. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, domin a ganina danna allo shi ne ƙaramin abin da ake nema daga gare shi. Babban abin shi ne ya saki ragamar tafiyar, ya miƙa ta ga na'urar da ba ta gaya masa dalilinta.

Taswirar takarda tana nuna ƙasar gaba ɗaya a lokaci guda, arewa tana sama kullum, kuma mai karanta ta yana ganin hanyar da zai bi tare da waɗanda ya bari, da kogin da ya sa hanya ta karkata, da garin da zai iya ratsewa idan mota ta samu matsala. Manhajar waya kuwa, da zarar an fara tafiya, takan matso da hoton kusa har ya rage 'yan ɗaruruwan mita kawai ake gani, kuma takan juya taswirar duk lokacin da mota ta sha kwana, ta yadda gaban mota ne ke sama ba arewa ba. Wanda ya shafe shekara arba'in yana auna kansa da gabas da yamma, idan ya ga taswira tana juyawa, dole kansa ya ɗaure, kuma wannan ba rauni ba ne. An ɗauke masa ma'aunin da ya dogara da shi ne.

Akwai binciken da ke nuna cewa abin da dattawa ke tsoron rasawa ba tatsuniya ba ne. A shekarar 2000, Eleanor Maguire da abokan aikinta a Kwalejin Jami'a ta Landan sun duba ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin, waɗanda sai sun haddace tituna kusan 25,000 kafin a ba su lasisi, suka gano cewa wani ɓangare na sashen ƙwaƙwalwa mai kula da sanin wurare ya fi girma a gare su fiye da na sauran mutane. A 2017 kuma, wani binciken daga wannan jami'a ya nuna cewa sashen yana ƙara aiki idan mutum na zaɓen hanya da kansa, amma ba ya yin hakan idan umarni kawai yake bi. Saboda haka dattijon da ke cewa tun da ya fara bin waya ya daina riƙe hanya a ka, gaskiya yake faɗa.

Ya kamata kuma a tuna cewa abin bai daɗe ba. Rundunar sojin Amurka ce ta gina tsarin GPS, wato tsarin taurarin ɗan adam da waya ke gane inda take da shi, an harba tauraron tsarin na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24 da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000 daga ƙasa. Har zuwa watan Mayun 2000, da gangan ake rage ingancin saƙon da farar hula ke samu, ta yadda kuskuren kan kai mita 100, sai da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina. Google Maps ta fito a 2005, jagorar murya ta kyauta a wayoyin Android kuma sai a 2009. Wanda ya haura saba'in a yau ya riga ya wuce hamsin lokacin da wannan murya ta zama ruwan dare.

Bayanin da na ga ya fi kwantar wa dattawa hankali shi ne cewa taurarin ba su san hanya ba. Aikinsu kawai su aiko da saƙon lokaci da na inda suke, waya ta karɓa daga aƙalla huɗu daga cikinsu ta lissafa inda take. Titunan da ke kan allo kuwa taswira ce da mutane da kwamfutoci suka harhaɗa, wadda za ta iya tsufa kamar ta takarda, shi ya sa take iya tura direba gadar da aka rufe, ko garin da ya yi suna ɗaya da wanda ake nufi. Da zarar dattijo ya gane haka, sai ya daina kallon wayar a matsayin shugaba, ya mayar da ita abokiyar shawara da ake iya yi wa gardama. Dama can an ce matambayi ba ya ɓata, kuma mai tambaya yakan auna amsar da aka ba shi kafin ya yi aiki da ita.

Ba ina cewa takarda ta fi ba ne. Babu taswirar takarda da ke sanin cunkoso ko haɗarin da ya tare hanya, kuma karanta ta a kan sitiyari ganganci ne tun asali. Ga mai shekaru da ido ya fara gajiya da ƙananan rubutu, musamman da dare, muryar da ke cewa a shirya juyawa dama kafin a kai mahaɗa taimako ne babba.

Inda aka fi kuskure, a ganina, shi ne wajen koyarwa. 'Ya'ya da jikoki sukan karɓe wayar, su danna nan da can cikin ƙiftawar ido, su mayar wa dattijo ita a shirye, sai ya isa inda za shi ba tare da ya koyi komai ba, gobe kuma ya sake neman wanda zai saita masa. Abin da ya fi amfani shi ne a zauna da shi a gida, ba a cikin mota ba, a bar shi ya rubuta sunan wurin da yatsansa ko ya faɗa da baki, sannan a nuna masa yadda zai ja hoton baya ya ga hanyar tun daga farko har ƙarshe, ya karanta sunayen garuruwan, ya kwatanta hanyoyi biyu ko uku da manhajar ta kawo ya zaɓi ɗaya da kansa. A nuna masa alamar da ke tsayar da arewa a sama, a ƙara girman rubutu da ƙarfin murya, a kafa wayar daidai inda ido zai same ta ba tare da ya sunkuya ba. Gwajin farko ya kasance a kan hanyar da ya sani sarai, domin a nan ne zai ga inda na'urar ta dace da saninsa da inda ta saɓa. A kuma sauke masa taswirar yankin a cikin wayar tun kafin tafiya, tunda saƙon taurarin ba ya buƙatar intanet, amma hoton titunan yana buƙata idan ba a riga an adana shi ba.