Abin da kofin giya mai hazo ya koya mini, ko da ban kurɓa ba

A zango na biyu na karatuna na kimiyyar abinci a Ingila, akwai darasin da ake koya mana auna abinci da abin sha da ido, hanci da harshe. Mun yi cuku, mun yi cakulan, mun yi gahawa. Da aka zo makon giya, na sami malamarmu a ofis na ce mata ni Musulmi ne, ba na sha. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ciro takardar da alƙalan giya ke cikewa a gasa, irin ta ƙungiyar BJCP ta Amurka mai tantance alƙalan giya, ta nuna mini yadda aka raba maki 50: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda ake jin ta a baki 5, sai hukuncin gaba ɗaya 10. Ta ce, "Na farko da na biyu naka ne. Sauran ka bar su fili." Masu gwada ruwan inabi suna iya tofarwa, amma alƙalin giya sai ya haɗiye, domin wani ɗacin ba ya bayyana sai bayan ta wuce maƙogwaro. Don haka maki 15 kaɗai nake da hurumi a kai.

Ranar aka jera mana ƙananan kofuna huɗu, kowanne da lamba uku a jikinsa, ba suna. Na ɗaga na farko wajen fitila. Ruwan ɗorawa ne mai kauri, ko inuwar yatsana ba na gani ta bayansa, kamar an matse lemo an zuba gasara a ciki. Nan take na rubuta: ba a tace ba, akwai alamar lalacewa, maki ɗaya cikin uku. Da ƙarfin gwiwa na rubuta, domin tun a digirin farko an karantar da mu cewa abin sha na kwalba idan ya yi hazo, to ƙwayoyin cuta sun shiga ko kuma an yi sakaci wurin tacewa.

Malama ta zo wucewa ta leƙa takardata. Ta tambaye ni, "Ka karanta bayanin nau'in da ke saman shafin?" Ban karanta ba. Gani nake na san abin.

Ashe hazon nan da gangan ake yinsa. Nau'in ya yi suna ne daga jihar Vermont a arewa maso gabashin Amurka, inda wani ƙaramin kamfani mai suna The Alchemist ya fara zuba giyarsa Heady Topper a gwangwani a 2011, ba tare da tacewa ba. A jikin gwangwanin har an rubuta cewa a sha daga ciki. Wasu suka bi sahu, har a 2018 ƙungiyar masu yin giya ta Amurka, Brewers Association, ta ware wa irin wannan giya rukuninta a gasa. Ana haɗa sha'ir da alkama da hatsin ot, waɗanda ke da furotin da yawa, sannan a jibga furen hof, wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi, a ƙarshen dahuwa da kuma bayan an huce. Sinadaran furen su kama furotin ɗin, su tsaya cak a cikin ruwan, ba su kwanta ba. Wannan shi ne hazon. Wato na ga kunun gyaɗa na rage masa maki don bai yi garau kamar zoɓo ba.

Kunya ta kama ni, amma abin da ya fi tsaya mini shi ne gyaran da ta yi. Ba ta ce in sauya makin ba. Cewa ta yi in goge kalmar "lalacewa" tukuna, in rubuta abin da idona ya gani kawai: launi, kauri, ko akwai gutsattsari da ke yawo, kumfa fara ce ko a'a, ta daɗe ko ta faɗi da wuri. Hukunci ya biyo baya. Da na yi haka sai na ga bambancin da ban gani ba da farko. Kofi na ɗaya hazonsa sumul yake, yana ɗan sheƙi. Na uku kuwa ya dusashe, ya koma kalar ƙasa-ƙasa, kamar shayin da aka ɗiga wa madara aka manta da shi. Da na kai hanci, sai warin jiƙaƙƙen kwali. Iska ce ta shige shi. Wannan nau'in ba ya jure iska ko kaɗan, shi ya sa ake son a sha shi da sabuntarsa. Na uku ne mai laifin, ni kuma na ɗora wa na ɗaya.

Wajen ƙamshi ne na sami kaina. Ka'idar ita ce gajerun shaƙa biyu ko uku, ba doguwa ɗaya ba, domin hanci yana saurin gajiya. Idan ya toshe, sai ka sunsuni hannun rigarka ya dawo daidai. An ba mu busasshen furen ma mu murtsuke a tafin hannu. Akwai wani gari rawaya mai danƙo a cikinsa, can man ƙamshin yake. Furen iri-iri ne: Citra da Mosaic na Amurka ne, akasari daga kwarin Yakima a jihar Washinton ake nomansu, Galaxy kuma daga Ostireliya. 'Yan ajinmu suna ta kiran sunayen 'ya'yan itatuwan da ban taɓa riƙewa a hannu ba. Na yi ƙoƙarin kwaikwayonsu, abin ya ƙi. Sai na rubuta abin da na sani: mangwaron da ya nuna har ya fara tsiyaya a cikin kwando, gwaba, ɓawon lemo lokacin da mai lemo yake feraye shi, da wani ɗan wari can ƙasa kamar ɗanyar albasa. Na ɗauka za a yi mini dariya. Malama ta karanta wa aji, ta ce albasar nan gaskiya ce, wasu furannin suna yin haka, kuma mutum biyu ne kawai suka kama ta.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda Hausa ta taimake ni a sashen da ba nawa ba. Wadda ke zaune kusa da ni ta kurɓi kofi na huɗu ta yamutsa fuska, ta ce akwai ɗaci, amma ba ɗaci ba ne sosai, ta rasa yadda za ta faɗa. Na tambaye ta: a harshe ne kamar shuwaka, ko bakin ne ya ɗaure kamar an tauna ɗanyen goro, ko kuwa a wuya yake ƙaiƙayi? Ta ce a wuya. Mu ai muna da sunan kowanne, ɗaci daban, bauri daban, maƙaƙi daban. Nata maƙaƙi ne, irin wanda ɗan kashu ke bari. Ɓurɓushin fure ne da bai gama kwanciya ba, alamar an yi gaggawar zuba giyar a gwangwani.

Sai dai a nan na so in yi zamba. Tun da na ji bayaninta, hannuna ya kai ga sashen ɗanɗano, zan rubuta maƙaƙi kamar ni na ji. Na san daidai ne, kuma da zai ƙara wa takardata kyau. Na riƙe biro na ɗan lokaci, sannan na ajiye. Na miƙa takardar da layuka uku babu komai.

Yanzu ina aiki a wani kamfanin nono da kunun aya, ni ke shirya masu ɗanɗana mana kaya kowace Talata. A saman kowace takarda na sa an buga layi biyu da ke bayyana yadda ake so abin ya kasance, kuma ba na raba kofuna sai kowa ya karanta da ƙarfi. Makon jiya wani sabon yaro ya ɗaga kofin kunun aya wajen taga, ya ga gari ya kwanta a ƙasa, ya buɗe baki zai yi magana. Na ce masa, "Ƙanena, girgiza tukuna, sannan ka rubuta mini abin da ka gani."