Gwaji na uku: yau ƙirjin saniya ya yi laushi

'Yan'uwa masu koyon gashin hayaƙi, ga inda na kwana.

Kun san abin da ya jefa ni cikin wannan harka. Wata huɗu da suka wuce wani abokin aiki ya kai ni gidan abinci na halal a nan Houston, aka ɗora mana yankan ƙirjin saniya a kan takarda, ga burodin masara, ga wake, ga dafaffen ganye a gefe. Bayan naman baƙi ƙirin kamar ya ƙone, amma da na ɗaga yanka ɗaya sai ya lanƙwashe a yatsana, romo na tsattsafowa. Ni da na tashi kusa da tukubar mai tsire ban taɓa cin irinsa ba. Ba tsire ba ne, ba balangu ba, kuma ba banda ba ce, domin banda busar da nama take yi, wannan kuwa narkar da shi ake yi.

Sau biyu na gwada, sau biyu nama ya fito da tauri. Yanzu na gane dalili. Hannuna ya saba da wuta mai ƙarfi da juyi akai-akai, shi kuwa ƙirji cike yake da jijiya, ba ta sakin jiki sai ta daɗe a zafi kaɗan.

Jiya na sayi kilo 5. Na rage kitsen, na bar masa kamar rabin kaurin yatsa. Gishiri da masoro kawai na barbaɗa, yadda mutanen tsakiyar Texas suke yi tun zamanin mahautan Jamusawa da 'yan Czech da suka zauna a garuruwa irin su Lockhart. Raina ya so yaji da ƙuli-ƙuli, na danne. Ƙarfe 4 na dare na hura itacen oak a ƙaramin akwatin wuta da ke gefen gangar da nake gashi a ciki, na jira farin hayaƙi mai kauri ya wuce, don shi ke sa ɗaci. Sai da ya koma siriri, shuɗi-shuɗi, zafi ya tsaya wajen digiri 120 a ma'aunin Celsius, sannan na sa nama.

Wajen awa shida, ma'aunin da na soka a tsoka ya tsaya cak a 70. Awa ɗaya, awa biyu, ko motsi. A nan na yi kuskure a baya, domin ganin haka sai in ƙara itace. Ashe ruwan jikin naman ne ke fitowa yana sanyaya shi, kamar yadda randa ke yi wa ruwa. Wannan karon na bar wuta yadda take. Da ɓawon bayan naman ya kama har farce ba ya kankare shi, na naɗe naman a takardar mahauta na mayar. Ya kai 95 bayan awa 13, tsinke na shiga kamar cikin man shanu. Na lulluɓe shi da tawul awa biyu kafin wuƙa ta taɓa shi, na kuma yanka a gicciye, ba bin tsawon tsoka ba.

Ɓangaren mai kitse ya yi yadda nake so. Siririn gefen ya ɗan bushe, ina jin kusa da bakin wuta na ajiye shi.

Dafaffen ganyen da ake haɗawa da naman kuwa, ku riƙa tambaya a gidajen abinci, don a jihohin kudancin ƙasar Amurka da naman alade aka saba dafa shi. Ni da kyafaffen talo-talo na yi nawa. Waken nan mai baƙin ido namu ne na gida, daga Afirka ya ƙetaro a zamanin cinikin bayi, shi da kuɓewa.

Asabar mai zuwa haƙarƙari zan gwada. Wanda ya taɓa yi a cikinku, awa nawa ya ɗauka, kuma ya naɗe ko ya bar shi a buɗe?