Laraba a Maiduguri: zafi ya cinye lodi

Tun kafin azahar ma'aunin zafi ya haura digiri 40, kuma shi ya tsara aikinmu na lodin jiragen soja yau. Iska in ta yi zafi sai ta yi sakayau, injin ba ya ja yadda ya saba, fuka-fukai ba sa ɗagawa sosai. Jirage masu saukar ungulu suka fi jin jiki. Mai saukar ungulu samfurin Mi-17 da a takarda take ɗaukar kusan tan 4, da tsakar ranar Afrilu ba matuƙin da zai yarda a ɗora mata haka. Shi ya sa sahun Monguno ya tashi da sassafe, sauran kaya suka jira la'asar.

C-130, babban jirgin dakon kayan soja, ta iso daga Ikeja da hantsi. Wannan jirgi ba a hannun kwamandan fagen daga yake ba. Ana tura buƙata hedkwata, a jera ta tare da na sauran yankuna, sannan a ba da rana. Abin da ke hannunmu shi ne tsara abin da zai fara shiga: masu rauni, harsasai, kayan gyaran jirgi, abinci, masu tafiya hutu a ƙarshe. Kowace runduna kuwa “gaggawa” take rubutawa a takardarta, har mai neman a kai mata kujerun ofis.

Cikin C-130H falet (faifan da ake ɗaure kaya a kai) 6 ne, kowane yana iya ɗaukar kusan kilo 4,500, amma kayan da jirgin ke ɗauka gaba ɗaya ba su wuce tan 19 zuwa 20 ba, don haka ba a cika su duka. Na shida, wanda ke kan ƙofar baya, iyakarsa kilo 2,100 ko kusa da haka. Masu nauyi tsakiya ake sa su, daidai fuka-fukai. In nauyi ya rinjaya baya, hancin jirgi zai ɗaga tun matuƙi bai nema ba.

Falet ɗaya ne ya cinye mana awa guda a lodin komawa. Wata runduna ta ajiye shi a ƙasa kan tsakuwa, maimakon kan katako uku da aka tanada. Tsakuwa ta huda alminiyon ƙasansa, ya lanƙwashe, ya ƙi bin 'yan tayoyin daɓen jirgi. Dole aka kwance raga, aka sauke kaya, aka sake ɗaurawa a kan wani. Da aka hau sikeli ma, nauyin ya zarce abin da suka rubuta, don kintata suka yi. Mai kula da lodi ya ƙi sa hannu sai da aka gyara takarda, kuma gaskiyarsa ce. A ciki aka tsinci tukunyar oksijin jingine da galan ɗin man inji, aka raba su don gudun gobara.

Jirgin ya tashi da marasa lafiya a kan gadajen ɗauka da falet biyu a baya. Kayan garin Rann suna rumfa. Gara a kwashe su kafin damina ta datse hanyar, lokacin da komai zai koma kan masu saukar ungulu.