Hannun Baba a Ƙofar Mata

Yau da sassafe na kai wata amarya da angonta marinar Ƙofar Mata mu ɗauki hotunan kafin biki. Wurin ya zame mini gona tun da na sa hoton farko a Instagram. Duk wanda ya turo saƙo sai ya ce can yake so, ko Dutsen Dala da la'asar. Ina cikin gyara musu tsayuwa kafin rana ta yi zafi, sai wani dattijo da ke zaune bakin karofi ya ɗago zanen da yake tsomawa, ruwan baba na ɗiga, ya ce, "Yaro, ku dawo ta nan, nan da ɗan anjima inuwar katangar can za ta rufe fuskar yarinyar." Wallahi haka aka yi. Ni da kyamarata mai tsada ban lura ba.

Da na nuna masa hoton, ko kallon amarya bai yi ba. Hannunsa ya tsura wa ido, can a gefe, shuɗi har wuyan hannu. Ya ce, "Ashe haka ya koma." Na ce, "Baba, ba ku taɓa gani a hoto ba?" Ya yi dariya ya ce kullum ana ɗauka, ba a dawowa da shi. Kunya ta kama ni, don nima sau nawa na zo. Gobe in sha Allahu zan wanko masa wannan, babba, in kai masa da kaina.